Tsarin Bayanan Kasuwanci, Kimiyyar Kwamfuta ko Akanta: Wanne Ya Dace da Ɗalibin Sakkwato?

A duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya kama, akwai wata tambaya da ke yawo a gidajen Sakkwato, musamman a bakin yaran da suka ji ana cewa aikin gobe yana wajen kwamfuta, alhali sun taso suna ganin ci da shan gidansu daga kasuwa yake fitowa. Bana ɗan yayata ne ya zo mini da ita bayan sallar isha'i, ya ce: "Kawu, an ce akwai kwas ɗin da ya haɗa kwamfuta da kasuwanci wuri guda. Shi zan nema, ko kimiyyar kwamfuta, ko kuwa akanta da Baba yake so in yi?" Na yi shekaru ina aikin girka manhajojin ajiyar bayanai a ofisoshi da shaguna, kuma na yi aiki tare da waɗanda suka fito daga kowane ɗaya cikin fannonin nan uku, saboda haka amsar da na ba shi ta yi tsawo, har na ga ya dace in rubuta ta domin sauran ɗalibai da iyayen da ke cikin irin wannan shawara.

Kwas ɗin da yake nufi shi ne tsarin bayanan kasuwanci, wanda a wasu jami'o'i ake taƙaita sunansa da MIS. Abin da ake nazari a cikinsa shi ne yadda bayani ke shiga ma'aikata, inda ake ajiye shi, wanda ke da izinin taɓa shi ko canza shi, da yadda ake mayar da shi rahoton da shugaba zai dogara da shi kafin ya sayi kaya, ya biya albashi ko ya rufe wani reshe. Kwamfuta a nan kayan aiki ce, kamar yadda sikeli yake a wajen mai awo, kuma hankalin ɗalibi yana kan ma'aikatar da mutanen cikinta. Wannan fanni daga kasuwa ya fito tun asalinsa. Kwamfutar farko da aka sa ta yi aikin ofis na yau da kullum, wadda ake kira LEO, wani kamfanin shagunan shayi da abinci na Ingila mai suna J. Lyons ne ya ƙera ta, ta fara aiki a 1951 tana lissafin kayan gidan burodinsa, daga baya kuma ta shiga biyan albashi. A 1968 Jami'ar Minnesota ta Amurka ta buɗe ɗaya daga cikin shirye-shiryen karatu na farko a wannan fanni, sannan a 1972 wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM su biyar suka kafa kamfanin SAP a Jamus, wanda manhajarsa ce manyan kamfanoni da yawa na duniya ke tafiyar da sito da saye da albashi a kanta har yau.

Bambancin fannonin uku ya fi fitowa idan aka ɗora su a kan aiki guda. A ce wani dillalin albasa ne da ke sayen kaya daga manoman Goronyo da Wurno. Yana ba wasunsu bashin iri da taki tun kafin shuka, yana ajiye wani kaso na kayan a rudu, wato ma'ajiyar albasa ta gargajiya, har farashi ya tashi, sauran kuma yana loda su a manyan motoci zuwa Legas da Anaca. Kuɗinsa na shigowa ta hanyoyi da yawa: wasu ta tiransifa zuwa asusu biyu ko uku, wasu ta na'urar POS, wasu tsaba a hannun yaransa, idan kuma ya sayar wa mutanen Ƙonni a kasuwar Illela wani lokaci da sefa za a biya shi. Kaka ta ƙare, yana ganin kuɗi a asusu, amma bai iya faɗin ko riba ya ci ko uwar kuɗi yake ci ba, bai san manomi nawa ne har yanzu ke riƙe da bashinsa ba, kuma bai san buhu nawa ne ya ruɓe a ajiya da buhu nawa ne ya yi ƙafa ba.

Wanda ya karanta akanta zai karɓi littattafan da rasitai da takardun banki, ya shigar da kowane ciniki sau biyu bisa ƙa'idar sana'arsa, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, ya daidaita abin da ke littafi da abin da banki ya nuna, sannan ya fitar wa dillalin da ribarsa ko asararsa, da abin da ake binsa da abin da yake bi. Daga wannan lissafi ne za a san harajin da ya hau kansa, kuma shi ne zai sauƙaƙa masa fitar da zakka. Wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta kuwa zai tambayi abin da ake so a gina, ya zauna ya rubuta manhajar da yaran za su riƙa shigar da buhuna a wayoyinsu, ya warware matsalar yadda za ta yi aiki a ƙauyen da babu sabis sannan ta aika bayanan idan an shigo gari, ya tabbatar ba ta tsayawa kuma ba a iya kutsawa cikinta.

Mai tsarin bayanai aikinsa yana farawa kafin na waɗannan biyun, kuma a ƙafa yake fara shi. Zai je wurin loda ya tsaya ya ga wanda ke ƙirga buhu da wanda ke rubutawa. Zai tambayi lokacin da buhu ke zama na dillali, shin tun a gona ne ko sai ya hau mota, domin amsar ita ce za ta nuna wanda asarar hanya za ta hau kansa. Zai gano wanda ke da ikon rage farashi, da dalilin da ya sa yaro ɗaya ke rubutu a bayan kwali maimakon littafin da aka ba shi. Daga nan zai zana tafiyar kayan da tafiyar kuɗin a takarda, ya tsara rumbun bayanai mai jadawalin manoma, da na buhuna, da na motoci, da na biya, ya haɗa su ta yadda kowane buhu za a iya bin sawunsa daga gona zuwa mai saye. Zai kuma dage cewa wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke da ikon goge abin da aka rubuta. Mai yiwuwa a ƙarshe ya gaya wa dillalin cewa ba ya buƙatar sabuwar manhaja ko kaɗan, jadawalin Excel da aka tsara da kyau tare da littafin rasit mai lamba sun ishe shi na shekara biyu. Irin wannan shawara, wadda ke hana mutum kashe kuɗin da bai kamata ya kashe ba, tana cikin ainihin abin da ake biyan mai wannan sana'a dominsa.

Na taɓa ganin abin da rashin wannan mataki ke jawowa. Wani ofis ya sayi manhajar sito mai tsada, aka yi bikin ƙaddamarwa, amma kafin watanni kaɗan ma'aikata suka koma littafi. Manhajar ba ta da aibi ko ɗaya ta fuskar rubutu. Abin da ya faru shi ne ba ta yarda a fitar da kaya sai an shigar da takardar izini mai sa hannu, alhali a wannan ofis al'adar ita ce shugaba ya kira mai sito a waya ya ce a ba wane kaza, takarda kuma ta biyo baya bayan kwana uku. Babu wanda ya zauna da mai siton ya tambaye shi yadda yake aiki, kuma babu wanda ya tunkari shugaban ya ce masa ko dai a canza al'adar ko a canza manhajar. Wannan giɓi da ke tsakanin mai rubuta manhaja da mai amfani da ita shi ne filin da kwas ɗin tsarin bayanai ke horar da mutum ya tsaya a kai, kamar tafinta tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna.

Abin da ake karantawa a aji ya bi wannan bambanci. Kimiyyar kwamfuta 'yar lissafi ce, kuma ɗalibin da bai shirya wa hakan ba yakan sha mamaki tun a shekarar farko, domin zai tarar da aljabara da kalkulas da fiziks kafin ya taɓa rubuta wani abin kirki, sannan a gaba ga mantiƙin lissafi, da nazarin matakan warware matsala da auna saurinsu, da tsarin ginin na'urar kanta, da harsunan rubuta manhaja irin su Java da Python da C++. Akanta lissafinta bai kai wannan zurfi ba, amma tana son haƙuri da tsanaki, ga kuma dokoki masu yawa da sai an riƙe su: lissafin kuɗin kamfani, lissafin tsadar sarrafa kaya, haraji, binciken odita, dokar kamfanoni da lissafin kuɗin gwamnati. Tsarin bayanai yana ɗebo daga ɓangarorin biyu. Ɗalibi zai koyi rubuta manhaja gwargwado, zai zurfafa a rumbun bayanai da harshen SQL da ake tambayarsa da shi, wanda tushensa ke komawa ga tsarin jadawalai masu alaƙa da Edgar Codd na IBM ya fitar a 1970, sannan zai karanta nazari da zanen tsarin aiki, da gudanar da ayyuka masu wa'adi, da ƙididdiga, da tushen akanta da tattalin arziki, da tsaro da binciken manhajojin ma'aikata. Rubutun rahoto da tsayawa gaban jama'a a yi bayani sun fi yawa a nan fiye da sauran biyun, kuma da Turanci ake yin su, abin da ya kamata ɗalibin da Turancinsa ke da rauni ya sani tun yanzu ya fara gyarawa.

A Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu da ake kira CCMAS, wadda ta raba karatun jami'a zuwa manyan fannoni 17, ta kuma ware ilimin kwamfuta ya tsaya da kansa, a ƙarƙashinsa akwai kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin manhaja, da tsaron intanet, da kimiyyar alƙaluman bayanai, da fasahar bayanai, da kuma tsarin bayanai. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wannan kashi 30 ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ke sa kwas mai suna ɗaya ya karkata ga kasuwanci a wata jami'a, a wata kuma ya zama kusan kimiyyar kwamfuta da aka rage wa lissafi. Kada kuma a rikita tsarin bayanai da fasahar bayanai duk da kusancin sunayensu. Fasahar bayanai ta fi mayar da hankali ga girka na'urori, da haɗa su da juna, da kula da sabar ofis, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, yayin da tsarin bayanai ke kallon aikin da ake yi a kan waɗannan na'urori.

Maganar shiga kuma tana iya yanke hukuncin tun kafin a kai ga so. Dukkan kwasa-kwasan uku suna buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da lissafi. A jarrabawar JAMB mai neman kimiyyar kwamfuta yana haɗa Turanci da lissafi da fiziks da wani darasi ɗaya, mai neman akanta kuma Turanci da lissafi da ikonomiks da wani darasi na ɓangaren kasuwanci ko zamantakewa. Tsarin bayanai ya danganta da tsangayar da aka ajiye shi: inda yake tare da kwamfuta galibi ɗan ajin kimiyya ake so, inda yake tare da gudanarwa kuma ɗan ajin kasuwanci na iya samun shiga. Yaron da bai yi fiziks a sakandare ba, ƙofar kimiyyar kwamfuta a rufe take gare shi sai ya sake zama jarrabawa, don haka ƙasidar JAMB ta shekarar da ake ciki ita ce abin da za a fara buɗewa, a duba sunan jami'a da sunan kwas da darussan da ta gindaya, sannan a tabbatar a shafin NUC cewa kwas ɗin ya samu tantancewa a wannan jami'ar.

Ta fuskar wurin karatu, akanta da kimiyyar kwamfuta sun fi kusa da ɗan Sakkwato. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato kafin a canza mata suna a 1988, tana koyar da duka biyun, kuma Jami'ar Jihar Sakkwato, da ta fara ɗaukar ɗalibai a 2013, tana da kimiyyar kwamfuta. Akwai kuma hanyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, inda ɗalibi zai yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, daga nan ya ci gaba da babbar difloma ko ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, hanyar da nake ganin ana raina ta fiye da yadda ta cancanta, domin ɗan difloma yakan iso jami'a hannunsa ya riga ya saba da aiki. Digirin tsarin bayanai da sunansa bai yaɗu kamar sauran biyun ba. Jami'ar Amurka da ke Yola tana yin sa, haka ma Jami'ar Covenant da ke Ota a jihar Ogun, amma dukkansu masu zaman kansu ne, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara bayarwa a 2024, ba shi da ruwa kuma sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa ake fara biyansa, amma ɗaliban makarantun gwamnati kawai ya shafa. A ɗaya ɓangaren, jami'ar gwamnati tana da nata haɗarin na jinkiri, kamar yajin aikin malamai na 2022 da ya ɗauki wata takwas. Ga ɗiya mace da iyayenta ba su son ta yi nisa, ko ɗan da ke taimakon mahaifinsa a shago da yamma, zama a gida a yi ɗaya daga cikin biyun da ke kusa ya fi tafiya neman suna a takarda. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa dole ce ga mai kimiyyar kwamfuta da mai tsarin bayanai tun shekarar farko, kuma duk wanda ya ce ɗakin kwamfutocin makaranta zai wadatar bai gwada neman kujera a can ana gobe jarrabawa ba.

Wurin da ya kamata a fi daɗewa ana tunani shi ne aikin da ke jiran mutum bayan hidimar ƙasa, kuma a nan sai an kalli Sakkwato yadda take. Manyan masu ɗaukar ma'aikata a jihar su ne gwamnatin jiha da ƙananan hukumominta 23, da hukumomin tarayya, da jami'o'i, da asibitin koyarwa, da bankuna, da kamfanin siminti na Kalambaina da ke hannun BUA, da kuma ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa irin su UNICEF mai ofis a garin. Kusan babu ɗaya daga cikinsu da sana'arsa ita ce rubuta sabuwar manhaja. Sayo ta suke yi daga waje ko a turo musu daga hedikwata, abin da suke buƙata a nan kuwa shi ne wanda zai girka ta, ya daidaita ta da aikinsu, ya koya wa ma'aikata, ya tsabtace bayanan da ake shigarwa, ya fitar da rahoto, ya kuma gano inda ake maguɗi. Sauye-sauyen da aka yi a harkar kuɗin ƙasar nan duk sun ƙara yawan irin wannan aiki: tsarin biyan albashi na IPPIS da aka fara a 2007 domin maganin ma'aikatan bogi, lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014, asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya da aka tilasta a 2015 wanda ake biya cikinsa ta Remita, da kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura har masu sayar da nama da 'yan tireda zuwa karɓar tiransifa da POS. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta ɗora wa asibitoci da bankuna da makarantu nauyin kula da bayanan mutanen da suke riƙe da su. Idan aka auna da wannan ma'auni kaɗai, horon tsarin bayanai shi ya fi dacewa da aikin da ake da shi a ƙasa.

Sai dai takarda ma tana da nata hukuncin, kuma a nan akanta ta fi sauran ƙarfi. Mai digirin akanta yana da tsani a bayyane: ya shiga aikin gwamnati a matakin albashi na 8 a layin akantoci ko na odita, ya zauna jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci da aka kafa a 1965 wadda ke yafe wasu darussa ga waɗanda suka fito daga sassan da ta tantance, ko ya bi ta ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin, da kwalejinta da ke kusa da Jos. Kowa ya san abin da akanta yake yi, tun daga sakataren ma'aikata har zuwa Alhajin da ke da shaguna a babbar kasuwa. Mai tsarin bayanai kuwa sau da yawa sai ya yi bayanin kwas ɗinsa kafin a gane, kuma tallan aiki yakan ce ana neman mai kimiyyar kwamfuta ko makamancinta, ya shiga a ƙarƙashin kalmar makamanci, idan an yi rashin sa'a kuma mai tace takardu ya ajiye tasa gefe. Takardun ƙwarewar da ke ƙarfafa shi suna nan, kamar CISA ta binciken tsarin bayanai, da rajistar hukumar ƙwararrun kwamfuta ta CPN da aka kafa a 1993, amma CISA da dala ake biyan kuɗinta kuma tana buƙatar shekarun aiki kafin a ba da shaidar.

Babban aibin kwas ɗin yana cikin abin da ya sa ake sha'awarsa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma na ga ɗalibai da dama da suka fito daga irin wannan kwas sun zama jemage: ba su iya rubuta manhajar da za a dogara da ita ba, ba su kuma iya rufe littafin kuɗi na shekara ba. Wanda ya ci moriyarsa shi ne wanda tun a aji biyu ya zaɓi ƙafa ɗaya ya kafa ta sosai, galibi rumbun bayanai da SQL da Excel mai zurfi, ko kuma binciken odita, sannan ya yi amfani da watannin sanin makamar aiki na SIWES a wurin da ake ainihin aikin, ko da sashen ajiyar bayanan marasa lafiya ne ko siton kamfani, maimakon ofishin da za a riƙa aikensa sayen kati. Kimiyyar kwamfuta ita ma tana da nata ƙalubalen ga mai son zama a gida. Albashi mafi tsoka yana wajenta, amma kamfanonin da ke biyansa suna Legas da Abuja ko ƙasashen waje, kuma aiki daga gida ta intanet, wanda ake yawan kwaɗaita wa matasa, yana buƙatar sola da batir da sabis mai ƙarfi, a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 wuta kuma ba ta da tabbas. Akanta kuma ɓangarenta na shigar da alƙaluma da hannu yana raguwa kullum, domin manhaja na yin sa, saboda haka akantan da bai iya kwamfuta ba zai tarar yaron da ya iya ta ya sha gabansa ko da ya fi shi sanin ƙa'ida.

Akwai wani abin lura game da sauya layi daga baya, domin hanyoyin ba su yi daidai da juna wajen sauƙi ba. Mai kimiyyar kwamfuta zai iya koyon tushen akanta da tafiyar kasuwanci cikin 'yan watanni idan yana da sha'awa, ya kuma yi digiri na biyu a tsarin bayanai ko gudanarwa. Mai akanta zai iya koyon SQL da nazarin alƙaluma a gefe, ya zama mai binciken manhajojin kuɗi, wanda yana cikin ayyukan da bankuna ke daraja. Mai tsarin bayanai zai iya zama jarrabawar ICAN duk da ba akanta ya karanta ba, sai dai zai fara daga ƙasa. Abin da ke da wuya ƙwarai shi ne wanda ya guje wa lissafi tun farko ya dawo daga baya yana son zurfin kimiyyar kwamfuta, domin wannan tushe a shekarun ƙuruciya ake kafa shi.

Bisa wannan, ra'ayina shi ne ɗalibin da ke da ƙarfi a lissafi da fiziks, wanda zai iya zama awa huɗu a kan kuskure ɗaya a cikin manhaja bai gaji ba, ya ɗauki kimiyyar kwamfuta a nan gida, ya cike giɓin kasuwancin da kansa. Wanda ya fito ajin kasuwanci, yana son tsani tabbatacce da aikin da za a gane ko'ina, ya ɗauki akanta, amma ya ɗauki koyon rumbun bayanai a matsayin wajibi tun daga aji ɗaya. Digirin tsarin bayanai da kansa na fi ba da shawararsa ga wanda ya samu gurbinsa a jami'ar da aka tantance, gidansu na iya ɗaukar nauyin ba tare da an sayar da gona ba, kuma halinsa na mai tambaya ne, wanda ba ya jin nauyin zama da mai sito ko mai karɓar kuɗi ya yi ta bin diddigin yadda suke aiki har ya gane, sannan yana da ƙarfin halin gaya wa babba cewa matsalar daga tsarinsa take cikin ladabi.

Ɗan yayata dai ban zaɓar masa ba. Na ce ya je shagon mahaifinsa na kayan gini ya karɓi littafin bashi na wata uku, ya shigar da shi a Excel, ya dawo mini bayan mako guda da abin da ya fi tsaya masa a rai. Na gaya masa cewa idan ya dawo yana maganar jimlar da ta ƙi daidaita to akanta ce tasa, idan kuma ya dawo yana son ya rubuta abin da zai yi aikin da kansa to kimiyyar kwamfuta ce. Da ya dawo bai kawo ko ɗaya cikin biyun ba. Ya ce ya gano mutum ɗaya an rubuta shi da suna uku a littafin, wani wuri da sunansa, wani wuri da laƙabinsa, wani wuri kuma da sunan ƙauyensu, kuma yaran shago biyu kowanne yana karɓar biya bai gaya wa ɗayan ba, don haka yana so ya san wanda ya kamata ya riƙa buɗe sabon suna a littafin. Tambayar mai tsarin bayanai ke nan, sai dai tafiya Yola ba ta cikin ƙarfin gidan, kuma yana da fiziks a sakamakonsa, saboda haka ya cike kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifinsa kuma ya amince ya bar masa littafin bashin shagon ya ci gaba da riƙe shi duk ranar Asabar.